Ƙasar da ba ta da teku: da me Nijar ke rayuwa, kuma ta ina yake shigo mata?

Baban Walid (Zango):
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai abin da ke cin raina tun layyar 2025, yau dai na ce bari in baje shi a nan ko a samu mai warware mini. Kun san sana'ata, shekara da shekaru ina sauke raguna a Zangon Tudun Wada, kuma yawancinsu daga kasuwannin bakin iyaka suke zuwa, Maigatari da Illela da Mai'adua. A waccan shekarar, ana saura 'yan makonni Sallah, gwamnatin Nijar ta hana fitar da dabbobi, wai don rago ya yi wa mutanenta sauƙi. Mun ji a jikinmu, balami da uda suka yi wuyar gani. Amma ba kukan kaina na zo yi ba. Abin da na kasa ganewa shi ne, ƙasar da ba ta da teku, wadda talakanta dabba da albasa da wake yake sayarwa ya ga kuɗi, ta yaya za ta rufe wa babban mai sayenta ƙofa? Ta ɓata da Benin, ta ɓata da mu, ta sallami Faransa. To da me ake cin tuwo a can?

Matashin Kawo:
Da 'yanci ake ci, Alhaji. Shekara sama da 50 ana haƙar yuraniyom a Arlit ana haska biranen Turai, ƙauyukan da ke gefen ramin suna kwana a duhu. Gara a sha wuya a tsaya da ƙafa.

Baban Walid (Zango):
Ɗana, 'yanci ba ya shiga tukunya. Ni maganar tukunya nake yi.

Bamaradi a Rigasa:
Wa alaikumus salam. Alhaji, Allah shi ba ka haƙuri, amma a fara labarin daga farkonsa. Ba mu muka fara rufe ƙofa ba. An yi juyin mulki ran 26 ga Yuli 2023, kwana huɗu bayan haka ECOWAS ta ƙaƙaba mana takunkumi. Aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke kuran, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutar da muke sha daga nan take tahowa, ta layin Birnin Kebbi. Babban bankinmu na sefa da ke Dakar ya riƙe kuɗin gwamnati. Ni mahaifiyata tana Maraɗi, mai ciwon sukari ce, sai da na riƙa neman wanda zai ratsa daji da babur ya kai mata magani. Ba a ɗage takunkumin ba sai 24 ga Fabrairu 2024, Shugaba Tinubu kuma ya ba da umarnin buɗe iyaka a watan Maris. Wata bakwai ke nan mutum yana kulle a ɗaki, mabuɗi a hannun maƙwabcinsa. In ya fito ya canja hali, kar a yi mamaki.

Maman Ikram (Bakin Dogo):
Allah sarki. Allah ya ƙara wa Hajiya lafiya.

Malam Na Ajin Tattali:
Amin. Alhaji, tambayarka ta yi kyau, bari in ɗan tsawaita, a yi mini uzuri, halin malanta ne.

Da farko a gane cewa Nijar ba ƙarama ba ce a fili. Ta fi Najeriya girma, murabba'in kilomita miliyan 1 da dubu 267, mu kuwa dubu 923 da 'yan kai. Aljihunta ne ƙarami. Kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar hamada ne, mutanenta sama da miliyan 25 sun taru ne a siririn yankin kudu, wato daidai kan iyakarmu mai tsawon kusan kilomita 1,500. Shi ya sa Maraɗi ta fi kusa da Katsina a kan Yamai, ba a tafiya kaɗai ba, har a ciniki da auratayya.

Kun san irin gidajen gadon nan na cikin Tudun Wada ko Unguwar Sanusi, da aka raba har wani ya samu kasonsa a can ƙurya, ba shi da ƙofar waje sai ya ratsa ta zauren ɗan'uwansa? Haka ƙasar da ba ta da teku take. Shinkafarta, maganinta, siminti, kayan gyaran mota, komai sai ya bi ta zauren wani. Ranar da aka yi faɗan yara aka sa wa zauren sakata, shi ke nan. Ƙasashe 16 ne a Afirka suke cikin wannan hali. Akwai dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 da ta ce suna da haƙƙin wucewa da kayansu zuwa gaɓa, amma ta bar yadda za a wuce ɗin ga yarjejeniya tsakanin maƙwabta. Ka ga an koma gidan jiya, mai zaure dai shi ne mai magana.

Zauren Nijar shi ne Kwatano, tashar ruwan Benin. Daga can zuwa Yamai kusan kilomita 1,000 ne, a tsallaka Kogin Kwara ta gadar da ke tsakanin Malanbil da Gaya. Da Benin ta buɗe nata gefen, sojojin Nijar suka ce ba za su buɗe nasu ba, suna zargin akwai sansanin Faransa a can, Benin kuma ta musanta. Sai kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina Faso, inda 'yan bindiga suke, a yi ayari da rakiyar soja. Hanya ta ƙara tsawo, kwanaki suka ƙaru, kuma duk kwanan da mota ta yi a tsaye, mai sayen mudun shinkafa a Yamai ne zai biya shi.

Ɗan Mando Mai Tirela:
Malam ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ku da kuke lissafi da kilomita, mu da shinge muke lissafi. Na yi shekara 19 ina jan babbar mota. Hanya ba tsawonta ne ke kashe ka ba, tsayuwa ce. Ka taso da kaya, kafin ka kai inda za ka, ka tsaya wuri ashirin, talatin, kowane da mai sanda ko mai igiya, kowa da abin da za ka ajiye masa. Wani takarda zai ce babu, ka nuna masa, ya ce hatimin bai fito ba. Na taɓa yin kwana 11 a bakin wata iyaka da lodin albasa, ina ji ina gani ƙasan buhunan ya fara ruwa. Mai kayan da ya zo ya ga abin da ya saura, zama ya yi a ƙasa ya dafe kai, bai ce mini uffan ba. Har gobe ina tuna fuskar bawan Allahn nan.

Kuma ku daina ganin kamar Nijar ce kaɗai. Mu nan Kaduna teku gare mu? Kwantena ta sauka a Apapa, kafin ta iso Kakuri ka tambayi mai ita abin da ya kashe. Mu ma 'yan ƙurya ne, bambancin kawai zauren namu tuta ɗaya muke da shi.

Maman Ikram (Bakin Dogo):
Wallahi Yaya ka faɗi gaskiya. Ni albasa nake sarowa, kuma duk wanda ya san albasa ya san 'yar Galmi, ga yaji ga auki, ga ta da jure ajiya. Amma abin da ya fi damuna ba shinge ba ne, canji ne. Shekarun baya jaka guda ta sefa, wato sefa 1,000, ba ta kai naira 500 ba. A 2024 ta haura naira 2,000. Da can su ne ke rububin nairarmu, yanzu dillali a bakin iyaka sai ya dube ka ya ce sefa yake so. To Malam, ƙasar da kuke cewa tana cikin mafi talauci a duniya, ya aka yi kuɗinta ya fi namu daraja?

Malam Na Ajin Tattali:
Hajiya, ba ƙarfin Nijar ba ne ya ɗaga sefa, jingina aka yi mata. An ɗaure ta da yuro, sefa 655.957 a yuro ɗaya, ba ta motsi, kuma ƙasashe 8 ne ke amfani da ita a yammacin Afirka. Rabon da a karya darajarta tun Janairun 1994, lokacin da aka raba ta biyu a dare ɗaya. Naira ce ta zube bayan an sake ta a 2023. Amfanin wannan ɗauri shi ne farashi ba ya hauka kamar namu. Illarsa kuma, in Alhaji ya je sayen rago da naira mara nauyi, sai ragon ya yi masa tsada, ya sayi kaɗan, makiyayin Nijar ya koma gida da sauran. Kuma ranar da aka ɓata, kamar yadda ɗan'uwanmu na Rigasa ya faɗa, asusunka yana hannun wasu. A ƙarshen 2023 sai da gwamnatinsu ta zaftare kusan kashi 40 cikin 100 na kasafin kuɗinta, saboda tallafin waje ya tsaya.

Matashin Kawo:
To ai maganata ke nan, Malam. Kuɗin mulkin mallaka ne. Su fita su buga nasu, su da Mali da Burkina.

Malam Na Ajin Tattali:
Sun fita daga ECOWAS, ya tabbata ran 29 ga Janairu 2025. Amma ka lura ba su yi gaggawar sakin sefa ba. Ka kuma buɗe taswira ka duba ƙasashen nan uku na ƙawancen Sahel, wato AES, ka nuna mini wadda ke da gaɓar teku. Gida uku ne a ƙurya suka haɗa kai, abin kirki ne, amma ko sun rushe katangar da ke tsakaninsu, har yanzu sai sun bi ta zauren wani.

Bamaradi a Rigasa:
Gaskiya ce mai ɗaci, amma gaskiya ce. Dubi mai. Tun 2011 muke da matatar mai a Damagaram, ganga dubu 20 a rana, har mukan sayar wa arewacin Najeriya. Sai 'yan Sin suka shimfiɗa bututu daga Agadem har bakin teku a Seme cikin Benin, kusan kilomita 2,000, don a riƙa fitar da ganga dubu 90 kullum. Mun yi murna, muka ce talauci ya ƙare. Mai ya isa bakin ruwa a 2024, sai Benin ta ce ba jirgin da zai yi lodi sai an buɗe iyaka. 'Yan Sin suka shiga tsakani, jirgin farko ya ɗauka a watan Mayu. A watan Yuni aka kama 'yan Nijar biyar a tashar, mu kuma muka rufe famfo, ga wasu 'yan tawaye sun fasa bututun a daji. Rijiya ta bayar, guga ya hana. Kuma tun kafin a sayar da ɗigo ɗaya gwamnati ta riga ta karɓi dala miliyan 400 a hannun kamfanin na Sin, a biya da man. Wato an ci kuɗin gonar tun tana ganye.

Yuraniyom ma da ƙanena na Kawo yake magana, da mota ake ɗaukarsa daga Arlit har Kwatano. Da hanya ta toshe sai ya taru a wurin. An ƙwace lasisin mahaƙar Imuraren daga hannun kamfanin Faransa Orano a Yunin 2024, an mayar da Somair, mai haƙar yuraniyom a Arlit, ta gwamnati a Yunin 2025. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Amma ko naka ne ɗari bisa ɗari, sai ka samu hanyar da za ka kai shi ga mai saye. Ba a tuƙa tuwo da shi.

Baba Na Kakuri:
Ina ta karatu ban ce komai ba, amma yanzu zan yi magana, kuma ɗana na Rigasa ka yi haƙuri da abin da zan faɗa.

Na shiga masaƙa ina saurayi, na fito da furfura. Wanda bai ga Kakuri ba a lokacin da ake canjin aiki, bai san Kaduna ba. In jiniya ta yi kuka, kekuna ne kamar fari, masu abinci, masu shayi, masu gidajen haya a Makera da Nasarawa, kowa yana ci. Tun 1957 Sardauna ya kafa masaƙar farko a garin nan, wasu suka biyo baya. Yau je ka ga ciyawa a cikinsu. Wurin da na yi aiki aka rufe shi ba a ba mu haƙƙinmu cikakke ba, abokaina da yawa sun mutu suna jira.

Me ya kashe mu? Rashin wuta yana ciki, tsadar baƙin mai yana ciki, lalacewar noman auduga yana ciki. Amma babban abin shi ne atamfar waje. Ta ina take shigowa a lokacin da gwamnati ta haramta ta? A sauke ta a Kwatano a rubuta cewa ta Nijar ce. A kai ta Maraɗi ko Birnin Ƙonni, gwamnatin can ta karɓi harajinta, dare ya yi a shigo da ita ta Jibiya ko Illela, gari ya waye tana Kantin Kwari. Haka shinkafa, haka taba, haka motocin gwanjo. Mutum nawa ne a Nijar da za su cinye shinkafar da ake rubutawa da sunansu? Don haka in ana cewa ƙasa mara teku abin tausayi ce, ni na san wata fuskar. Ita ma ta mayar da kanta zaure, ta ci kuɗin wucewa, mu muka biya da aikinmu.

Bamaradi a Rigasa:
Baba, Allah shi ƙara girma, ban musa ko ɗaya ba. Alhazan Maraɗi da yawa da wannan fiton suka yi gini. Amma Baba, wa ke yin odar kayan? Wa ke da shagunan da ake sauke su? Wa ke buɗe shinge da dare? Ɓarawo ba ya shiga gida sai da ɗan gari. Kuma ta ɗaya gefen, shekara nawa muna shan man Najeriya mai tallafi a kwalabe a bakin titi? Da aka cire tallafin ran 29 ga Mayu 2023, mu ma sai da muka ji, har aka zo ana dogon layin esansi a Yamai a farkon 2025, ƙasar da ke da rijiyar mai. Kowa ya ci na kowa, Baba.

Baba Na Kakuri:
Ka yi gaskiya, ɗana. Namu ne suka sayar da mu. Allah ya isa dai kawai.

Baban Walid (Zango):
Allah ya saka muku, Baba. Ni na tuna rufe iyakar Buhari, daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020. An ce don shinkafa aka yi, amma mu masu dabbobi da masu albasa muka sha wuya, manyan masu fito kuwa hanyar daji kawai suka ƙara wa kuɗi.

Matashin Kawo:
Duk na ji. Amma kuna magana kamar rashin teku hukuncin talauci ne har abada. Ruwanda fa? Ko jihar Kaduna ta fi ta girma, ita murabba'in kilomita dubu 26 ce, mu muna da wajen dubu 46. Mutum sama da miliyan 13 a cunkushe kan duwatsu. An yi kisan ƙare dangi a 1994. Tashar ruwa mafi kusa da su, Darussalam ko Mombasa, ta fi nisan Kwatano da Yamai. Yau ga Kigali tsaf, ga jirginsu yana sauka Legas da Abuja, a 2018 suka sa sunan ƙasarsu a hannun rigar Arsenal. Botswana ma ba ta da teku. Shugabanci ne kawai, ba wani abu ba.

Malam Na Ajin Tattali:
Yanzu ka kawo magana mai nauyi, ƙanena, ba irin ta ɗazu ba. Ruwanda ta gane abu ɗaya: in hanyarka tana da tsada, kar ka sayar da abu mai nauyi mai arha. Sai ta koma ga abin da jirgin sama zai ɗauka, ko wanda mai saye zai zo da ƙafarsa. Gahawa da ganyen shayi masu daraja, taron ƙasa da ƙasa, yawon buɗe ido. Takardar izinin zuwa kallon goggon biri a dajinsu dala 1,500 ce ga baƙo ɗaya. Lissafa buhun albasa nawa Hajiya za ta loda wa Ɗan Mando kafin a ga wannan kuɗin. Botswana kuwa lu'ulu'u Allah ya ba ta, an gano shi shekara guda bayan samun 'yanci a 1966, abin da za ka zuba na miliyoyi a aljihun riga, ga mutanenta ba su kai miliyan 3 ba. Sun riƙe amana, wannan ba a ƙwace musu ba, amma ba a haɗa mai lu'ulu'u da mai shanu.

Sai dai kar hoton Kigali ya ruɗe ka. Yawancin 'yan Ruwanda har yanzu ƙananan manoma ne, kuma kasafinsu ya daɗe yana jingine da tallafin waje. Masu binciken Majalisar Ɗinkin Duniya sun sha zarginta da hannu a yaƙin gabashin Kwango da ma'adinan da ke fitowa daga can, ita kuma tana cewa tsaron kanta take yi. Mai sukar Shugaba Kagame kuwa ba ya barci da ido biyu. Kuma ita ma ta ɗanɗani faɗan zaure: iyakarta da Uganda ta Gatuna a rufe take daga farkon 2019 har Janairun 2022. Abin da ya cece ta shi ne tana da ƙofa ta biyu ta Tanzaniya.

Maman Ikram (Bakin Dogo):
Dala 1,500 don a kalli biri? Ikon Allah. Mu ga su nan suna cinye mana masara a gona kyauta.

Ɗan Mando Mai Tirela:
Hajiya ki kama biyu ki ɗaure a Bakin Dogo, ni zan riƙa yankar tikiti.

Malam Na Ajin Tattali:
Baba Na Kakuri, akwai wata ƙasa da labarinta zai taɓa ka. Lesoto, 'yar mitsitsiya, mutum miliyan 2 da 'yan kai, Afirka ta Kudu ta kewaye ta ta ko'ina kamar gwaiduwa a cikin ƙwai. Ruwan duwatsunta take tarewa a madatsa ta sayar wa maƙwabciyar, kuɗinta ma a ɗaure yake da rand. Da Amurka ta buɗe wa Afirka kasuwa ba haraji a shekarar 2000, sai masu jari daga Asiya suka kafa masana'antun ɗinki a Maseru, dubban mata suka samu aiki suna ɗinka wandon jins na Levi's da Wrangler. A watan Afrilun 2025 Trump ya sanar da harajin kashi 50 cikin 100 a kan kayansu, mafi tsanani a jerin. Daga baya an sauko da shi zuwa 15, amma kafin nan masu oda sun janye, an sallami ma'aikata.

Baba Na Kakuri:
Inna lillahi. Na san abin da matan nan suka ji ranar da aka manna takarda a bakin ƙofa. Ba sai an fassara mini ba.

Injiniyan Barnawa:
Sai yanzu na shigo, na karanta tun daga sama. Ba wanda ya ambaci jirgin ƙasa, kuma a ganina nan ne maganar take. Ku tuna da aka fara aikin layin dogon Kano zuwa Maraɗi a Fabrairun 2021, kilomita 280 da 'yan kai, kusan dala biliyan 2, irin zagin da aka yi, wai Buhari zai kai wa danginsa jirgi. Amma tarihi ya nuna hanyar Nijar ta asali nan ce. Tun da dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda da Nguru daga baya, gyaɗar Maraɗi da Damagaram ta nan take bi zuwa Legas. Faransa ce ta yi ta ƙoƙarin karkatar da ita Kwatano, alhali nasu dogon a Paraku ya tsaya. An shimfiɗa wani daga Yamai zuwa Doso wajen 2014 zuwa 2016, har yau ba ya ɗaukar kaya. In aka haɗa Legas, Kaduna, Kano, Maraɗi da dogo ɗaya, kwantenar Nijar za ta iya sauka a tashar tsandauri ta Kakuri da aka buɗe a Janairun 2018, a yi mata takardu a nan. Mu ne za mu zama zauren, mu ci kuɗin wucewa da rana tsaka, ba da dare ba.

Bamaradi a Rigasa:
Injiniya, ina fata. Amma ka sa kanka a matsayinmu. Wanda ya kashe maka fitila a 2023, za ka miƙa masa maƙogwaronka gaba ɗaya? Shi ya sa ake ta maganar madatsar Kandaji a kan Kogin Kwara, wadda aka aza harsashinta tun 2008, don mu samu wutar kanmu. Dogon Maraɗi muna so, amma a matsayin ƙofa ta biyu ko ta uku, ba ita kaɗai ba.

Injiniyan Barnawa:
Ban ƙi ba. Amma ka sani in Kandaji ta tare ruwa, Kainji da Jebba za su ji. Kogi ɗaya ne. A nan kuma ku ne a zaure, mu ne a ƙurya.

Matashin Kawo:
Wannan kam ban taɓa kallonsa ta haka ba.

Ɗan Mando Mai Tirela:
Ni duk ranar da jirginku ya fara aiki na san tirelata ta zama ta kiwon kaji. Amma ban damu ba, don na ga tashar tsandaurin nan da idona, kwantenoni nawa ne ke zuwa ta dogo, nawa ke zuwa a bayanmu? A fara gama na Kaduna zuwa Kano tukuna. In na ga hayaƙinsa a Rigasa ya nufi arewa da lodi, ranar zan sa motar a kasuwa.

Baban Walid (Zango):
To ni dai har yanzu ba a amsa mini ba kai tsaye. Hana fitar da rago, dabara ce ko kuskure?

Bamaradi a Rigasa:
Alhaji, ga ma'aikacin Yamai mai albashi dabara ce, ya samu layya da sauƙi. Ga ƙanin mahaifina da ya yi wata takwas yana turke raguna shida don kasuwar Najeriya, asara ce, don da kuɗin yake sayen hatsin damina. Haka aka yi da hatsi a Oktoban 2024, aka hana fitarwa sai zuwa Mali da Burkina. Gwamnati ta fi jin kukan birni, don shi ne kusa da kunnenta. Kuma kai ma ka sani, ragunan ba su fasa zuwa ba gaba ɗaya, dare kawai suka koma bi, kuɗin da ya kamata ya shiga aljihun mai kiwo ya tafi ga mai nuna hanya.

Baban Walid (Zango):
Wannan kam na sani, amma ba a group za a ji daga bakina ba.

Mai Kula da Zaure:
Alhaji, a ce "zaure", mun hana Turanci a nan. Kuma an kira Magariba a Unguwar Sarki, a tashi haka.

Maman Ikram (Bakin Dogo):
Kafin a watse, Yaya Ɗan Mando, yaushe za ka Illela? Ina da buhu 40 da nake so a taho mini da su, amma wallahi in za su yi kwana 11 a hanya ka faɗa mini tun yanzu.

Ɗan Mando Mai Tirela:
Ranar Alhamis in Allah ya kai mu. Ki kira ni bayan Isha'i mu yi maganar kuɗin mota, don gas ya sake tashi.